Hanyar Gwanja, Daga Bakin Teku

A tsofaffin unguwannin Kano da Katsina, da garuruwa irin su Bebeji da Jega, da wuya ka tono asalin gida uku ba ka ci karo da kakan da aka ce ya tafi Gwanja ba. Wani ya dawo da jakuna niƙi-niƙi da goro ya gina soro. Wani kuwa shiru kake ji, sai bayan shekaru labari ya iso cewa ya yi aure a can ya tara iyali. Gwanjar nan tana arewacin ƙasar Gana ta yau. Fataken dā ta gabas suke shigo mata: su bar Kano, su bi ta Jega ko Yawuri, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su biyo ta Sansanin Mango da Yandi, sannan su sauke kaya a Salaga, tafiyar watanni ƙarƙashin madugu da jagaba. Ni ta ƙofar baya na shiga. Daga Legas zuwa Akra tafiyar awa guda ce a jirgi, babu biza, sai fasfo da katin rigakafin shawara, kuma agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, don haka kusan lokacin da ka tashi shi ne lokacin da ka sauka. Niyyata in faro daga teku, in yi ta hawa arewa har in tarar da kasuwar da kakanni suka yi wa tattaki.

Akra ba ta riƙe ni sosai ba. Na ziyarci kabarin Kwame Nkrumah a filin da ya yi shelar 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957, na ga mutum-mutuminsa da aka fille wa kai lokacin juyin mulkin 1966, an ajiye gangar jiki gefe, kai gefe, ba a ɓoye ko ɗaya ba. Daga nan sai Nima. Kana shiga unguwar kunnenka zai sake, domin Hausa ce ke tashi daga kowane lungu, a bakin mai tsire, a bakin mai koko da ƙosai, a bakin Hajiyar da ke zuba shinkafa da waken da aka dafa da karan dafi har ta yi ja. Hausar tasu ba ruwanta da bambanta namiji da mace, sai ka ji an ce yarinya ya tafi kasuwa, kunnenka ya yi tsalle, kafin wani lokaci ka saba. Kuma yawancin masu yin ta ba Hausawa ba ne. Akwai Dagwamba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da Wangarawa da Fulani, zaman zango ya haɗa su, Hausa ta zama harshen ciniki da masallaci da faɗan maƙwabta. Wanda duk suke girmamawa shi ne Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, dattijon da ya haura shekara ɗari, wanda a 2019 ya taka har cikin wani cocin Katolika ranar bikin Ista don gaisuwa. Mutanen Gana suna ba da labarin nan da alfahari. Na yi ta tunanin irin ƙurar da hakan zai tayar a wasu garuruwan namu.

Hanyar yamma tana bin gaɓar teku, bishiyoyin kwakwa a jere, kwalekwalen masunta fentin ja da shuɗi da rawaya, kowanne da sunan Allah ko wata addu'a a gefensa. Ranar Talata masunta ba sa shiga ruwa, al'ada ce tun ta kaka da kakanni, sai ka gan su zaune a rairayi suna ɗinkin koma. A tsakiyar wannan kyan ne ganuwar Elmina take, fara fat, a kan dutse. Turawan Fotugal suka gina ta a 1482, zinariya suka zo nema. Turawan Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Kafin nan kayan cinikin ya riga ya sauya daga zinariya zuwa mutane.

Ginin da kansa yana ba da labari ko ba mai jagora. Sama ɗakunan gwamna ne, da tagogi masu shan iskar teku. Ƙasa kurkuku ne, babu taga sai 'yar kafa. Akwai baranda inda gwamna ke tsayawa ya leƙo tsakar gidan da aka tara mata, ya nuna wadda yake so a hawo masa da ita. A ganuwar Cape Coast, wadda ba ta da nisa da nan, ɗakin ibadar Turawan yana bisa kurkukun maza ne kai tsaye, ana waƙar yabon Ubangiji a sama, ana mutuwa a ƙasa. Mai jagora ya tara mu a ciki ya kashe fitila na ɗan lokaci. Ya ce daɓen da muke takawa ba dutse ba ne zalla, ƙazantar mutanen da aka tsare ce ta taru ta daskare. Cikin ayarinmu akwai baƙaƙen fata daga Amurka da Jamaika, irin waɗanda suka yi ta tururuwa zuwa Gana tun daga 2019, shekarar da gwamnati ta yi musu gayyar dawowa gida. Wata dattijuwa ta dafa bango tana kuka ba sauti. A bakin ƙaramar ƙofar da ke fita teku, wadda daga ita sai jirgin ruwa, an jibge furanni da wasiƙu.

Fushi a wurin nan ba ya wuya ga ɗan Afirka, domin mai laifin a fili yake, ga igwarsa har yau tana kallon teku. Sai dai mai jagoran ya ƙara wata magana da mutane ba su cika son ji ba: Turawan ganuwa ba su cika shiga cikin ƙasa ba, kawo musu ake yi. A Assin Manso, kan hanyar Kumasi, akwai rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe, a shafe su da mai kafin a kai su gaban mai saye. Daga arewa ake gangaro da yawancinsu, inda na dosa ke nan.

Kafin in bar yankin na leƙa dajin Kakum, inda aka ɗaura gadojin igiya bakwai daga kan wata bishiya zuwa wata, can ƙololuwa, tsawonsu ya haura mita 300. Gadar tana lilo, ƙasa ba ta ganuwa sai ganye. Mutumin da ya tashi a ƙasar da ake hango doki tun daga nesa zai ji kurmin nan ya matse shi. Na haye ina salati, wasu 'yan makaranta a bayana suna dariya.

Daga nan har Kumasi kore ne ko'ina: ayaba, rogo, kwakwar manja, da gonakin koko, wanda Gana ce ta biyu a duniya wajen nomansa bayan Kwaddibuwa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne kogin Pra. Launinsa ya koma na kunun kanwa, saboda masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, aikin da suke kira galamse, suna wanke ƙasa a cikinsa da injina. Kowace gwamnati ta zo sai ta yi rantsuwar hanawa, kogin kuwa yana nan yadda yake. A wani ƙauye na roƙi direba ya tsaya, domin an nuna mini bishiyar goro. Abin dariya ne a ce mutum ya yi rayuwarsa yana cin goro, an raba shi a ɗaurin aurensa da sunan 'ya'yansa, amma bai taɓa ganin uwarsa ba. Doguwa ce mai duhun ganye, 'ya'yanta cikin wani koren kwanso mai gurzo, a fasa a tarar da goro jere a lulluɓe da farar fata. Mata suna jiƙawa, su ɓare, su tsince na tsutsa, su shimfiɗa ganye a kwando su jera. A nan ne gaskiyar cinikin take. Gwanja ba ta noman goro. A kurmin Asante yake fitowa, su Tonawa a bakin fatake, kuma sarakunansu ba su yarda baƙo ya shigo har gindin bishiya ba. Su suke ɗaukar kayan su kai arewa, a haɗu a Salaga, ta haka farashi da haraji suka zauna a hannunsu.

Kumasi gari ne mai ji da kansa. Kasuwar Kejetia kaɗai ta ishi mutum ɓata, amma abin da ya fi jan hankalina shi ne fadar Manhyia, musamman tsohon gidan da Ingilishi suka gina wa Sarki Prempeh na Ɗaya a 1925, bayan sun dawo da shi daga tsibiran Seychelles inda suka kai shi zaman dole. Yanzu gidan tarihi ne. A ciki akwai kayan zinariyar da sojan Ingila suka kwashe lokacin da suka ƙone garin a 1874, waɗanda gidajen tarihi biyu na Landan suka maido a 2024, wai aro. A ba mutum aron kayan kakansa, wannan sai Bature. Kujerar zinariya, wadda Asante suka yi imani ran al'ummarsu yana cikinta, ba a nuna ta, kuma ko sarki ba ya zama a kanta. Da wani gwamnan Ingila ya nemi a kawo masa ita ya zauna a 1900, mace ce ta ja yaƙi, Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu. Ita ma Seychelles aka kai ta, can ta rasu a 1921.

Hannunmu yana cikin tarihin nan ta fuska biyu. Rigar yaƙin sarkin Asante cike take da layu, aikin malaman da suka zauna a fadar tun kafin zuwan Turawa, Wangarawa da Hausawa da mutanen Gwanja. Sannan cikin rundunar da Ingilishi suka yaƙi Asante da ita akwai sojan da aka ɗebo daga Legas, waɗanda ake kira Hausawan Glover, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayen gijinsu. Wato wani Bahaushe ya rubuta layar, wani Bahaushe ya harbi mai ɗauke da ita.

Na yi dace Asabar ta same ni a garin. Asabar ranar jana'iza ce. Ko'ina rumfuna, jama'a cikin baƙi da ja, ganguna, hoton mamaci a manyan alluna bakin titi. Gawa takan yi makonni ko watanni a ɗakin sanyi kafin dangi su gama shiri. Mu da muke sallatar mamaci kafin rana ta karkata, abin yana mana nauyi a ido. Wani malamin makaranta da muka zauna tare ya ce mini shi kuma saurinmu ne yake ba shi mamaki, yaya za a rufe uba kafin ɗansa na nesa ya iso. Gadonsu ma ta ɗakin uwa yake bi, ɗan 'yar'uwa shi ne magaji a al'ada. Ban ci shi da gardama ba, shi ma bai ci ni ba.

Bayan Techiman kurmi ya fara sakin hanya. A Kintampo akwai magangarar ruwa mai kyau, mun tsaya mun jiƙa ƙafa. Da muka haye gadar Buipe a kan Baƙin Volta, sai ga ƙasar da na sani: kaɗanya, ɗorawa, kuka, ciyawa ta bushe an cinna mata wuta, hazon hunturu, ɗakuna masu jinka, mata da itace a ka. Tuwo da miyar kuka da ayoyo suka maye gurbin sakwara. Wannan ita ce Gwanja, kuma Damongo, inda muka ratsa, nan aka haifi John Mahama, wanda ya shugabanci ƙasar daga 2012 zuwa 2017, ya sake dawowa a 2025.

Masallacin Larabanga ƙarami ne ƙwarai, ya fi ƙanƙanta a kan yadda hoto ke nuna shi. Ginin ƙasa ne da aka shafe da farar ƙasa, da hasumiyoyi masu tsini, itatuwa sun tsittsiro daga jikinsa, su ne matakalar masu yaɓe. Mutanen garin suna cewa tun 1421 yake, masana tarihi da dama kuwa suna ganin bai kai haka tsufa ba. An taɓa yi masa gatan da ya kusa kashe shi, aka shafe shi da siminti, danshi ya maƙale a ciki, gara ta cinye itatuwan, sai da aka kankare simintin aka koma yaɓen gargajiya. Ƙofarsa sai ka sunkuya. Samarin garin kuwa tun kafin ka sauka daga mota sun kewaye ka da littafin neman taimako, har sai ka ɗaure fuska kafin ka samu ka yi nafila cikin natsuwa.

Gandun dajin Mole yana nan kusa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500. Masaukin baƙi yana kan tudu, ƙasansa tafki, da hantsi giwaye suke zuwa su shiga ruwa har sai hanci kaɗai ake gani. Da ƙafa ake zagayawa, ma'aikaci da bindiga a gaba. Mun ga mariya da mazo da gwambaza, gadu kuwa har ƙofar ɗaki yake kiwo a durƙushe. Birai sun san ƙarar leda, wani ya fizge wa wata Baturiya burodi daga hannu ya hau rufi yana ci yana kallonta. Wanda ya san Yankari zai ji kamar ya taɓa zuwa, sai dai a nan giwa ba ta wahalar gani.

Tamale garin babura ne, kuma mata ne suka fi burge ni, uwa da hijabi da goyo da buhu a baya, ta ratsa mahaɗa ba ko gezau. Maza suna sanye da taguwar saƙi mai faɗi wadda ke buɗewa idan ana rawa. Ƙasar Dagwamba ce, fadar sarkinsu Ya-Na tana Yandi, inda rikicin gidajen sarauta biyu ya ci ran sarki a 2002, ba a naɗa wani ba sai a 2019. A Yandin ne kuma kabarin Babatu yake, jarumin Zabarmawa da ya addabi ƙasar Gurunsi da hare-hare a ƙarshen ƙarni na 19. Mutanen da ya kamo, Salaga aka kai da yawansu.

Wanda ya je Salaga da labarin kakanni a kansa zai sha mamakin ƙanƙantarta. Gari ne mai ƙura, da tasha, da 'yan shaguna, da masallatai. Wurin da kasuwar take a dā, inda ayarin Kano da Barno da Mosi da Timbuktu ke haɗuwa da 'yan dakon Asante, yanzu fili ne da alama da wata kuka da aka dasa a madadin tsohuwar. Fatake suna kawo kanwa, da turkuɗi da sauran tufafin rini, da jan fata, da busasshiyar albasa, da dawaki da shanu, su koma da goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da wannan hanya suka yi suna. Akwai kuma wani kaya da ba a cika ambata ba idan ana ba da labarin a zaure, kaya mai tafiya da ƙafarsa. A gefen gari akwai rijiyoyi birjik, ƙanana, an fafe su cikin dutse, saboda garin ba shi da kogi kuma dubban baƙi da dabbobinsu suna bukatar ruwa. Cikin wuraren da ake nuna wa baƙo akwai inda ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa, kuma sunan wurin har yau Wankan Bayi, babu mai bukatar tafinta. A wani ɗan ɗaki an ajiye mari da sarƙoƙi da ƙuƙumi.

A Elmina na tsaya cikin waɗanda aka zalunta. A Salaga ban samu wannan wurin tsayawar ba. Asante sun ci Gwanja da Dagwamba da yaƙi a ƙarni na 18, suka ɗora musu harajin da ake biya da mutane, su kuma suka riƙa kamo na ƙasa da su. Wasu an gangara da su teku. Bayan Ingila ta haramta cinikin a 1807, kasuwar cikin gida ta ci gaba, ana sayen mutum ya yi noma, ya yi dakon goro, ko a tafi da shi ƙasar Hausa. Dillalin da ya sa baki, da mai masaukin da ya ajiye, da falken da ya saya, da yawansu da harshenmu suka yi cinikin. Muna da waƙoƙi da kirari na madugai, ba mu da ko ɗaya na wanda ya ɗauko huhun a kansa.

Na zauna da wani dattijo a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ya tambaye ni daga ina, na ce Kano. Ya ce, "Yaro, ai gida ka zo, kakana daga can ya taso." Na ce, "Baba, da goro ya zo ko da me?" Ya yi murmushi ya ce a garin nan kowa ya san asalin kowa, wanda kakansa ya zo a kan doki da wanda aka jawo da igiya, amma an yi auratayya, an yi sahu ɗaya, ba a tonawa. Na ga hikimar hakan ga masu zama tare. Ga mu da muke nesa, waɗanda ba mu da maƙwabcin da za mu kunyata, ban ga uzurin shirun ba.

Faɗuwar garin ba ta ɗauki lokaci ba. Da Ingilishi suka karya Kumasi a 1874, Salaga ta yi wa Asante tawaye, Asante kuwa suka toshe mata goro, ciniki ya koma Kintampo da Atebubu. A 1892 yaƙin sarauta ya ɓarke tsakanin 'ya'yan gidan Kpembe, masu mulkin garin, baƙi suka watse. Cikin waɗanda suka fita har da Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna yana karantarwa da rubuce-rubuce cikin Larabci da ajami har rasuwarsa a 1934. Sannan jirgin ruwa ya ƙarasa abin da yaƙi ya fara. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka gane cewa goro zai iya bin teku daga Akra zuwa Legas, daga baya jirgin ƙasa ya kai shi Kano, manoman ƙasar Yarbawa kuma suka shiga dasa irin goron nan da kansu. Jaki ba shi da abin cewa.

Daga Salaga na gangara Makango, bakin tafkin Volta, wanda ya samu bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, ya shanye garuruwa da dama har da tsohuwar Kete-Krachi. Busassun itatuwan da ruwa ya ci suna nan tsaye a ciki, masu kwalekwale suna kauce musu. Babban jirgin fito yana ɗaukar motoci zuwa Yeji, a kan tsohuwar hanyar da 'yan dakon Asante ke bi. Ba shi da lokacin tashi sai ya cika. Manyan motocin da muka jira aka loda duk doya ce da gawayi da shanu, za a kai Kumasi da Akra. Goron da na gani a wurin na faranti ne, a kan wata yarinya mai talla, na sayi biyu kafin a ɗaga gada.